Fosfet ya yi ƙasa a tankin kifina, gansakuka ta ƙi tafiya

Jama'a, ina neman shawara. Tankina na lita 120 ne, cike da tsirrai. Wata biyu ke nan koren ɗigo-ɗigon gansakuka mai tauri ya manne a gilashi da ganyen tsiron Anubias, sai da reza yake fita. Na auna sinadaran da tsirrai ke ci a ruwan, fosfet bai kai 0.1 ppm (kashi cikin miliyan) ba, naitiret kuwa 20. Da can na ɗauka fosfet ne ke kawo gansakuka, har na sa abin tsotse shi a matatar ruwan, ashe irin wannan gansakukar ƙarancinsa take so. Na cire abin, na rage haske zuwa awa 7, shiru. In ɗaga fosfet ɗin zuwa 1 ppm lokaci guda ko a hankali? Kuma tunda fosfet yana kama sinadarin ƙarfe, sai in raba ranakun zuba takin fosfet da na ƙarfe?