Yaris ta dame ni da zafi da ƙarar ƙafa: in gyara, ko in yi musaya da ciko?

Mai motar, Garwa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riƙe ƙaramar mota a hannu. Toyota Yaris ce ta 2003, inji 1.3, giyar hannu, 'yar Beljiyam. Damuwarta huɗu: jar fitilar zafi tana kamawa idan an tsaya a cunkoso da na'urar sanyi a kunne, ƙafar gaba tana ƙwanƙwasawa a gargada, cikinta yana gogar ƙasa, kuma idan aka cika ta da mutane sai ta riƙa shaƙewa a hawa. Dillali ya kawo mini RAV4 da Corolla, kowace sai na yi ciko. Wanne ya fi?

Bakanike, Garwa

Wa alaikumus salam, Malam. Fara da zafin, don shi kaɗai ne a cikin huɗun yake iya kashe inji a rana guda. Wannan Yaris ɗin ba ta da allurar zafi, fitila ce kawai, shuɗiya in inji da sanyi, ja in ya wuce ƙima. To lokacin da ja ta kama, ruwan ya riga ya kai maƙura. A watan Maris da Afrilu, da zafin Garwa yake haura digiri 40, ba a wasa da wannan.

Da sassafe, inji da sanyi, buɗe murfin lagireto ka leƙa. In ka ga farin dutse ya kama bakin bututun kamar gindin butar shayi, ruwan famfo ko na rijiya ne ya toshe ta daga ciki. A sauke ta a wanke, in ta ci sosai a sa wata. Sannan duba tsakanin lagireto da kwandansan na'urar sanyi: ƙurar hunturu da ciyawa da gashin kaji suna taruwa a wannan lungun su zama kamar bargo, daga waje kuma ba ka ganin komai. A wanke shi da ruwa daga bayan, ba da matsi mai ƙarfi ba, don haƙoran lagireton suna lanƙwashewa. Murfin kansa a canja shi. In robarsa ta bushe ba ya riƙe matsi, ruwa sai ya tafasa tun bai kai lokacinsa ba, kuma shi ne abu mafi arha a duk aikin.

Abin da nake roƙon kowa ya daina: cire tamostat, ƙofar nan da take tsare ruwa sai inji ya yi ɗumi. Tana buɗewa ne a wajen digiri 82. Idan aka cire ta, inji yana daɗewa bai yi ɗumi ba, kwamfutar motar tana ta ƙara mai, ga shan mai ga baƙin fulogi, kuma ainihin ciwon yana nan ba a taɓa shi ba. In ta maƙale, a sa sabuwa. Bayan an gama, a zuba ruwan sanyaya inji na galan, kada a koma wa ruwan famfo.

In an yi duk wannan ruwa bai daina raguwa ba, tada motar da murfin a buɗe, inji da sanyi. Kumfa tana tasowa ba tsayawa, ko man inji ya koma kalar shayi da madara, to juwan kulas, wato gasket ɗin kan inji, ya ƙone. Shi ma gyara ne, ba mutuwar mota ba, amma sai an kai kulas an auna ko ya banƙare kafin a ɗaura sabo.

Mai gyaran wutar mota, Marwa

Maigida ya faɗi na ruwa, bari in ƙara na wuta. Zafin da yake zuwa a tsaye ya tafi a guje, galibi fanka ce. Kunna na'urar sanyi ka tsaya gaban motar: ya kamata fanka ta tashi nan take. In ba ta tashi ba, a bi fis, a bi rile, sannan motar fankar. Akwai wadda take juyawa amma a gajiye, gawayinta ya cinye; sa hannu a bayanta za ka ji iskar ba ta da ƙarfi.

Shaƙewa a hawa kuwa, a injin nan wurare uku nake bi. Na farko ɗan ma'aunin iska da yake bayan filtar iska; ƙura tana rufe siririyar wayarsa, sai lissafin mai ya rikice. Da feshin wanke kayan wuta ake wanke shi, ba a taɓa wayar da tsinke ko tsumma. Na biyu fulogi da bobin, wato kwayil mai ba fulogi wuta: kowane silinda da bobin ɗinsa a kan fulogi, ɗaya in ya fara tsagewa ba ya nunawa sai an ɗora wa inji nauyi. Tazarar bakin fulogi milimita 1.1. Na uku famfon mai, yana cikin tanki ƙarƙashin kujerar baya, da rariyarsa. Wanda yake shan zuwa-zuwa, wato fetur ɗin 'yan bumburutu na bakin hanya, ya sani ruwa da tsatsar jarka da yashi duk a wannan rariyar suke ƙarewa. In dole ta sa, a tace da kyalle mai tsabta a bakin mazurari. Kuma kada a riƙa yawo da tanki a ƙasan kwata, man ne yake sanyaya famfon.

Direban hanyar Marwa zuwa Kuseri

Ni ban yarda a ce masa komai gyara ne ba. Biyu daga cikin huɗun nan ba lalacewa ba ce, halittar motar ce. Yaris ɗin farko nauyinta bai kai tan ɗaya ba, ƙarfin 1.3 bai kai doki 90 ba, abin da aka yarda ta ɗauka, mutane da kaya, bai wuce kusan kilo 400 ba. Manya biyar sun kusa cinye wannan. Ka ƙara buhun shinkafa biyu na kilo 50 a baya, gindi ya zauna, salansa ta fara shafar ƙasa. Babu bakaniken da zai gyara wannan.

Saboda haka tambayar ita ce ina take zuwa. In daga gida zuwa aiki ne, kasuwa, makarantar yara, sai jefi-jefi Pitowa ko Gider, ka riƙe abarka. In kuwa kowane mako tana shiga ƙauye, ko tana bin Mora zuwa Dabanga, ko da damina sai ta tsallaka mayo, wato rafi, to ka rabu da ita tun tana da daraja. Bakin shaƙar iskarta ba shi da tsayi. Ruwa in ya kai tsakiyar taya kada a shiga. In ta mutu a cikin ruwa kada a sake murza makulli, ruwan da ya shiga silinda ba ya matsuwa, sandar fistin ce take lanƙwashewa.

Mai sayar da kayan gyara, Garwa

Ƙarar ƙafa ba sai an sayi komai da komai ba. A ɗaga motar a kama taya sama da ƙasa a girgiza: wasa a nan rotil ne, wato gaɓar ƙafa, ko boris. A kama hagu da dama: kan sitiyari ne. Ƙwas-ƙwas ƙarami a kan gargada, yawanci biyelet ne, ƙananan sandunan nan biyu, kuɗinsu kaɗan. Ƙas-ƙas-ƙas idan an karya kan mota gaba ɗaya, kardan ne, sandar da take juya tayar gaba, kuma asalinsa robarsa ce ta yage yashi ya shiga. Duk wanda yake leƙa robar nan a kowane juyen mai ba zai sayi kardan da wuri ba. Shokozoba biyu-biyu ake canjawa, dama da hagu.

Masu sa roba ko ƙarfe a kan sifirin don ɗaga mota: santimita biyu zuwa uku ba laifi, fiye da haka kardan yana aiki a karkace, robarsa ba ta daɗewa. Abin da ya fi amfani shi ne farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji ya kare kwanon mai. Taya kuma a tsaya a 175/65 R14 ko abin da aka rubuta a jikin ƙofa. Ta hannu in za a saya, a karanta lambobi huɗun ƙarshe na gefenta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wadda ta haura shekara shida, ko haƙoranta na nan, kwaltar Afrilu ba ta bar ta.

Kayan Yaris da Corolla ana samunsu a nan, abin da babu a nan ana kawo shi daga Duwala ko daga Yola da Mubi. Wannan ma abin sawa a ma'auni ne kafin a koma wa motar da sai an yi wata ana jiran kayanta.

Hajiya, Ngaundare

Ƙanena, ɗauki biro. Tun Fabrairun 2024 litar fetur a gidan mai sefa 840 ce, zuwa-zuwa ma ba ta koma arhar da ba tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023. A ce kana yin kilomita 1,000 a wata. Yaris mai lafiya a lita 6.5 cikin kilomita 100, lita 65 ke nan, sefa 54,600. RAV4 a ce lita 11, lita 110 ke nan, sefa 92,400. Bambancin 37,800 kowane wata, kafin a zo kan taya mai girma, da man inji da ya fi yawa, da asirans, wato inshora, da binyet, wato harajin mota, da suke tashi da ƙarfin dokin da ke kan kart giris, takardar rajistar mota. Ciko sau ɗaya ake biyansa, wannan kuwa kullum ne.

Game da hawa, ko falez ɗinmu, hawan dutsen nan tsakanin Mbe da Ngaundare, ƙaramar mota tana hawa lafiya in an ba ta haƙƙinta: a kashe na'urar sanyi tun daga Mbe, a sauko giya ta uku ko ta biyu da wuri, kada a jira sai ta fara kakkarwa. A gangara kuma da giya ake riƙe ta, ba da birki kaɗai ba.

Dillalin motoci, Garwa

Sana'ata ce, amma zan faɗi yadda take. A musaya da ciko farashi biyu ake yi a zama ɗaya: a rage wa taka, a ƙara wa tasu. Mai saye ba ya ganin ko ɗaya, cikon kawai yake ji. In ba ka cikin gaggawa, sayar da taka daban, ka riƙe kuɗinka, ka je ka yi ciniki da tsaba. Yaris mai giyar hannu ba ta kwana a kasuwa. Kuma mota mai jar fitila da ƙarar ƙafa, abin da za a zaftare maka ya ninka kuɗin gyaran, don haka ko sayarwa za ka yi, gyara zafin da ƙafar tukuna.

Takardu kuwa kada ka ji kunyar kowa. Lambar shasi da ke jikin ƙarfen motar a karanta ta harafi-harafi a gwada da ta kart giris. Sunan da ke kan kart giris shi ne zai sa hannu a takardar sayarwa, a kai a buga mata hatimin hukuma. In motar ba ta daɗe da shigowa ba, a ga takardar kwastan da ido. Bizit teknik, takardar gwajin lafiyar mota, da asirans a duba ranar ƙarewarsu. Taka da ka bayar, ka tabbata an sauya suna, in ba haka ba duk abin da ta yi a hanya ƙofarka za a buga.

Mai gareji, Njamena

Mu nan yashi da ƙura sun fi naku, abu ɗaya zan ƙara. Filtar iska a kaɗe ta kowane mako da hunturu, a canja ta in haske ba ya ratsa ta, kuma a tabbata murfin akwatinta ya kama ta ko'ina. Akwatin da ƙugiyarsa ɗaya ta karye yana shayar da inji yashi, cikin shekara ringi ya tafi. Juyen mai kowane kilomita 5,000 tare da filta, kusan lita uku da rabi da ɗoriya take ci.

Bakanike, Garwa

Direba ya yi gaskiya a kan hanya da kaya, ban musa ba. Amma kafin Malam ya yanke, a auna matsin silinda huɗun, inji da ɗumi, an cire fulogi duka, totur a buɗe. In duka sun haura bar 11 a ma'aunin matsi kuma ba su bambanta da fiye da bar ɗaya ba, injin nan yana da sauran rai mai yawa. Sarƙa yake da ita ba bel ba, man kirki kawai take so. In ɗaya ya faɗi ƙasa da 10, a ɗiga masa ɗan man inji a sake aunawa: ya tashi, ringi ne, bai tashi ba, bawul ne ko juwan.

Irin wannan awon za a yi wa wadda za a karɓa. Corolla mai injin 1.4 ko 1.6 ta farkon shekarun 2000, wasunsu suna shan man inji; a bar ta ta yi minti goma a tsaye, a taka totur, a dubi salansa ko shuɗin hayaƙi zai fito. RAV4 ko Avensis da aka rubuta D-4 a kan injin fetur ɗinta ba ta jure gurɓataccen mai, famfonta da nozul ɗinta kuma tsada ne. Yaris mai giyar MMT, wadda ba ta da fedar kuloci, masu gyaranta a arewa ba su da yawa. A je ganin mota da safe kafin mai ita ya tada ta, a dafa inji a ji da sanyi.

Mai motar, Garwa

Allah ya saka da alheri. Zirga-zirgata cikin gari ce, sai Marwa sau biyu ko uku a shekara. Gobe za a fara da lagireto da fanka, sannan awon silinda. Maigida, farantin ƙarfen nan na ƙarƙashin inji, kauri nawa za a sa?

Bakanike, Garwa

Milimita biyu zuwa uku ya isa. A ɗaure shi da kusoshi a jikin shasi, ba walda ba, a bar tazarar yatsa biyu tsakaninsa da kwanon mai, a huda masa ƙofar juyen mai da ramukan shan iska.