Abincin kyanwa: awon leda na ƙanƙancewa kuɗin na nan yadda suke, ni kaɗai na lura?

Maman Hadiza, Sabon Gari:

Assalamu alaikum jama'a, ina kwananku. Don Allah kar a yi min dariya, na san wani zai ce ana fama da tiyar hatsi wata na zancen abincin kyanwa, to na riga ku faɗa. Kyanwar nan ba ni na nemo ta ba, wata baturiya ce ƴar proje da ta yi haya a maƙwabtanmu, da za ta tahi ta bar min ita amana, kuma tun tana ƴar mitsitsiya da kroket aka saba mata, busasshen abincin nan mai ƙwaya-ƙwaya. Na gwada tuwo na gwada shinkafa, wallahi sai ta shinshina ta kalle ni ta juya kamar na zage ta.

Ƙanen maigidana ke saya min a Yamai ya sako a bis, leda guda jika 7 da rabi, wato sefa 7500, kuma da can tana kai mu wata ɗaya har da ƴan kwanaki a sama. Sau biyu ke nan tana ƙarewa wata bai cika ba. Har na yi wa Hadiza faɗa na ce ita ke ɗiba tana ba magen maƙwabta, yarinya ta yi ta rantsuwa tana kuka, Allah Ya yafe min. Jiya ina shara na ci karo da tsohuwar ledar da nake zuba gawayi a ciki, na ɗora ta kan sabuwar, tsawo ɗaya, hoton kyanwar ɗaya, launi ɗaya, amma can ƙasa tsohuwar an rubuta 2 kg sabuwar 1,75 kg!! Kuɗi kuma ko dala ba a rage ba.

To tambayata, mai kantin ne ya yi mana wayo ko daga kamfanin ne? Kuma in koma na leda mai romo ɗin nan ko akwai wata dabara, don gaskiya abin ya fara yi min nauyi.

Na Kasuwar Dole:

Wa alaikumus salam Hajiya. Mai kanti bai da laihi a nan, mu yadda aka ɗinko leda haka muke karɓa, daga can masana'anta ake rage ta. Kuma ba abincin kyanwa kaɗai ba ne, ki duba sabulu ki duba biskit, burodi ma fa da kika sani da in kin riƙe kin san kin riƙe abu yanzu iska ne. Dalilin shi ne mutum ba ya manta kuɗin da ya biya wancan watan amma wa ke haddace gram? In na ƙara miki dala 50 a kan kaya yanzu za ki tsaya mu yi ta ciniki, in aka zare gram 250 a ciki shiru kike ji. An ce ido ba mudu ba ya san kima, to su waɗannan mutanen idon suka fara yi wa dabara shi ya sa ba su taɓa girman ledar ba.

Ke ma ki gode Allah da kuɗin bai tashi a samansa ba, bayan juyin mulkin 2023 da aka rufe iyakar Benin kayan da ke zuwa ta Kwatano suka koma sauka Lome suna ratso Burkina cikin ayari da rakiyar soji, mota sai ta yi makonni a hanya. Irin wannan kayan duk daga waje yake zuwa, ko ina ya tsaya sai ya ci kuɗi.

Ɗan Garin Malam:

Hhhh Hajiya kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubda ruwa. Ki sake ta a sito kwana 3 ki ga in ba ta tuna sana'ar kakanninta ba. Tamu mussar ɓera da fara da ƙadangare take ci ga ta nan ɓul-ɓul, taku kun maida ta kyanwar Lami.

Ma'aikacin kiwo:

Maman Hadiza sannu da ƙoƙari, amana kika riƙe kar maganar Ɗan Garin Malam ta dame ki, shi tashi a waje ta tashi. Ni aikina ya fi yawa kan awaki da shanu amma bari in ba ki lissafin yadda nake yi wa masu zuwa da magensu.

Ki daina duba kuɗin leda, ki duba kuɗin kilo, daga nan ki fitar da na yini guda. Da 7500 a kilo 2, kilo na kama miki 3750. Yanzu 7500 a kilo 1,75 kilo ya zama wajen 4285. Babbar kyanwa mai kamar kilo 4 tana cin wajen gram 60 na kroket a yini, kin ga tsohuwar leda kwana 33 ke nan sabuwar kwana 29, daidai da abin da kika gani, Hadiza ba ta ci miki komai ba sai ki saya mata alawa ki ba ta haƙuri. Da tana ci miki 225 F a yini yanzu wajen 257 F, a wata kusan jika guda aka ƙara miki ba tare da an ce miki uffan ba.

Batun na leda mai romo kuwa, in don sauƙi ne kar ki soma. Kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ke cikin ledar nan ruwa ne, kroket kuwa ruwansa bai wuce kashi 10 ba, wato ki biya kuɗin jirgi da na mota a ɗauko miki ruwa tun daga Turai. Sai ta sha uku a yini kafin ta ƙoshi. Kuma su ma an taɓa su, da yawa da ke gram 100 sun koma 85, kwali mai 12 da gram 1200 ne yanzu 1020, an zare miki fiye da leda biyu kwalin na nan da 12 ɗinsa in kin ƙirga. Amfaninsa ɗaya dai ruwan ne, don kyanwa ba ta da yawan shan ruwa kuma da zahin nan namu mai cin busasshe zalla tana iya samun matsalar hitsari musamman muzuru, amma wannan da kwanon ruwa biyu ko uku a inuwa kin rage shi.

In za ki canza zuwa wani mai araha ki juya bayan ledar. Ki nemi inda aka rubuta aliment complet, in kika ga complémentaire to ba abinci ba ne cikakke na marmari ne. Ki duba jerin kayan da aka haɗa, abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa, in kika ga céréales a gaba to masara da alkama kike saye. Hoton kaza ƙatuwa a gaban leda kar ya ruɗe ki, a ƙa'idar Turai kashi 4 cikin 100 na kaza ya isa a rubuta au poulet. Mai arahar nan sau da yawa sai ta ci da yawa kafin ya riƙe ta, ki duba teburin awon da ke baya ki yi lissafin yini ki gani. Kar kuma ki ba ta na kare ko da ya fi sauƙi.

Abin da nake ba mutane shawara shi ne raba-daidai, kroket da safe, da dare kayan mahauta. Zuciya, ƙundun kaza, huhu, ɗan nama in an samu, a dafa ba gishiri ba Maggi ba yaji, kuma romon a zuba mata don akwai wani sinadari taurine da jikin kyanwa ba ya iya yin isasshensa, yana da yawa a zuciya kuma in an dafa cikin romon yake fita, rashinsa na kawo makanta da ciwon zuciya. Hanta kaɗan sau ɗaya a sati ta isa, yawanta na lalata ƙashi. Albasa da tafarnuwa guba ne gare ta suna fasa mata jini, shi ya sa ma sauran miyarmu bai dace da ita ba, ita da ta ƙi ci ta fi mu sani. Ki fara da kaɗan kina cuɗawa da kroket ɗin kamar sati ɗaya zuwa kwana 10, in kin canza dare ɗaya zawo za ta yi. Kuma zancen a bar ta da yunwa har ta saduda ban yarda ba, kyanwa mai ƙiba in ta yi kwanaki ba ta ci ba hantarta ke kamuwa.

Ɗalibi a Faransa:

Inna ai nan ma kukan da ake yi ke nan, har suna aka sa wa abin. A Satumbar 2023 Carrefour, masu manyan kantunan nan, da kansu suka dinga liƙa takarda a kan kantoci suna nuna kayan da aka rage, daga 1 ga Yulin 2024 kuma ya zama doka, duk babban kanti mai faɗin sama da murabba'in mita 400 dole ya sa sanarwa wata 2 in an rage awo kuɗin kilo ya tashi. Kuma dama a jikin kowane farashi ana rubuta na kilo a ƙasa da ƙananan baƙi, ni shi kaɗai nake dubawa. Ki ce wa baba ya buɗe kalkuleta a wayarsa a cikin kantin.

Malam na Birni:

Ni abin da ya tsaya min shi ne wannan ba tauye mudu ba ne kuwa? Da a kasuwa in aka kama mai awo ya bubbuge gindin tiya ta ciki ai kowa ya san sunan abin, sura guda aka saukar a kan masu yin haka.

Na Kasuwar Dole:

Allah gafarta Malam ai sun rubuta awon a jiki, ba su ce 2 ba suka ba da 1,75.

Malam na Birni:

Sun rubuta, amma me ya hana su rage tsawon ledar? Wanda bai son a gane shi ke barin ta yadda take. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba.

Maman Hadiza, Sabon Gari:

Na gode ƙwarai Allah Ya saka da alheri, Hadiza ta samu alawarta har da biyan bashin kuka. Yau da safe na aika wajen mahauci aka kawo min zuciya da ƙundu na dala 60 na dafa yadda likita ya ce, na yanka ƙanana na cuɗa da kroket, gimbiyar ta zauna ta tsince kroket ɗin ɗaya bayan ɗaya ta bar min naman, amma ta lashe romon tas don haka ban fidda rai ba. Sai wata tambayar likita, ƙanen maigidan ya ce akwai babban buhu na kilo 10 kuma kilonsa ya fi sauƙi sosai, in ce ya sayo?

Ma'aikacin kiwo:

A'a Hajiya kyanwa ɗaya kilo 10 sai ta yi wata 5 da rabi tana ci, in kina haɗawa da nama ma ya kusa shekara, kuma akwai mai a jikin kroket, zahin Afirilu da Mayu in ya wuce 40 kafin ki kai rabi ya yi wari ta ƙi ci ki zubar. Sai dai in za ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu masu mage ku raba, kowa ya zuba nasa a bokiti mai murfi ya aje a ɗaki mai sanyi, kuma ya duba ranar lalacewa kafin ya biya don wanda ya daɗe a hanyar Lome wani sa'in saura wata biyu ko uku gare shi.