Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba katin Nintendo da babu wasa a cikinsa?

Mai Shirin Matasa, Aboabo:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwana. Ina gabatar da shirin matasa da harshen Hausa a wani gidan rediyo a nan Kumasi, kuma daren Asabar za mu tattauna a kan wasannin bidiyo, sai dai dole in miƙa rubutun shirin kafin sallar Juma'a, ga shi kuwa kalma ɗaya ta gagare ni. Ranar 5 ga Yunin 2025 kamfanin Nintendo ya fitar da na'urar wasan bidiyo ta Switch 2, kuma ya zo da wani sabon nau'in kati da ya kira game-key card. A ido ba ya da bambanci da sauran katunan, domin ja ne kamarsu, yana cikin kwalinsa, kuma a shago ake sayen sa, amma wasan kansa ba ya ciki. Idan aka sa shi a na'ura sai ya ba ta izinin sauko da wasan gaba ɗaya daga intanet, daga nan ana iya bugawa ba tare da intanet ba, muddin katin yana cikin na'urar. A haka Street Fighter 6 ya fito, shi kuwa Mario Kart World yana nan cikakke a katinsa. Ina son sunan da mai sauraro zai ji sau ɗaya ya gane cewa abu biyu ne daban.

Mai Gyara, Alabar:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka wahalar da kanka, ka ce "kaset mai mabuɗi". Duk wanda ya taso a zangon nan kaset yake cewa tun zamanin rawayen kaset ɗin nan da ake rubuta masa wasa dubu-dubu a baya, alhali wasanni kaɗan ne ake ta maimaitawa. Idan hoto ya daskare sai a zare shi, a hura masa iska da baki, a goge bakinsa da gefen riga, a mayar, yara sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna jiran layinsu. Har yau wanda ya kawo mini gyara ba ya cewa kati, kaset yake cewa, ko da abin bai fi ɗan yatsa ba.

Malama Mai Koyar da Hausa, Tafo:
Ni kuwa na fi karkata ga "katin mabuɗi". Kada dai ka ce "mabuɗin wasa", domin mai sauraro zai ɗauka ana nufin farkon wasa, kamar yadda ake cewa mabuɗin taro ko mabuɗin littafi. Haka kuma ka guji "makulli", duk da cewa mutane da yawa suna kiran abin buɗe ƙofa da shi, saboda tushensa kullewa ne, aikin wannan kati kuwa buɗewa ne. "Kaset mai mabuɗi" na Malam Mai Gyara yana da 'yar matsala, don "mai" na nuna cewa kaset ne cikakke aka ƙara masa mabuɗi, alhali shi kansa ne mabuɗin, ba wani abu ba.

Ɗan Asawase:
Da girmamawa gare ki Malama, amma duk waɗannan sunayen suna taimaka wa kamfani ne wajen yi wa abin ado. Bahaushe yana da kalmarsa tun kafin a haifi masu ƙera na'urar: holoƙo. Gyaɗar da ka ɗauka ka ga ɓawonta lafiya lau, ka fasa ka tarar babu ƙwaya, ita ce holoƙo, kuma wannan kati holoƙo ne. Ka ce musu "holoƙon kaset", kowa zai gane, kuma zai gane har da gargaɗin da ke ciki. Ina da Sega Mega Drive da yayana ya bar mini, kamfanin Sega ya daina ƙera na'ura tun 2001, amma gobe idan na jona ta wasan Sonic zai tashi, domin wasan yana hannuna. Ku duba abin da ya sami wasan tseren motoci The Crew: Ubisoft ta fitar da shi a 2014, mutane suka saya da kuɗinsu, a ƙarshen Maris na 2024 ta kashe sabobinsa, wato kwamfutocin kamfanin da wasan ke dogara da su a intanet, faifan da ke hannun mutane ya koma abin da ba ya da amfani. Wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games na neman a hana kamfanoni kashe wasannin da mutane suka saya, wanda ya tara sa hannun mutane sama da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025. Idan Turawa da kansu suna kuka, don me mu za mu nemo masa suna mai daɗi?

Mai Gyara, Alabar:
Ɗan uwa, fushinka yana kan hanya, amma kalmarka ta wuce gona da iri. Holoƙo zubar da shi ake yi, wannan kati kuwa ba a ɗaure shi da asusun mutum ɗaya ba, don haka kana iya ara wa abokinka, kana iya sayar da shi idan ka gama, wanda ya saya ya sauko da wasan a na'urarsa. Wannan ya fi takardar lambar sauko da wasa da ake sawa a cikin kwali, wadda da zarar an shigar da ita sau ɗaya ta ƙare. A garin da yawancinmu kayan hannu muke saye, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Idan ka kira kati holoƙo, da wane suna za ka kira takardar lambar?

Alhaji, Tsohon Zango:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma abin da ya dame ni ya fi gaban wannan kati. Kaset ba Hausa ba ce, kati ba Hausa ba ce, kuma na tabbata a cikin shirin za a yi ta cewa "gem" da "gem senta" daga farko har ƙarshe. Haka muka mayar da Hausar ƙasar nan, rabi Turanci, sauran Tuwi, yaren Ashanti, har idan ɗan Kano ko ɗan Zazzau ya ji mu sai ya yi ta mamaki. Gidan rediyo makaranta ne, abin da yaro ya ji a can shi zai riƙe. Muna da "faifai", wanda magabata suka ɗauko daga abin rufe ƙwarya suka ba abin garmaho, daga baya aka ba CD. A ce "faifan izini" mana. Kuma kafin a ƙirƙiro kalma a nan, ya kamata a duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da aka buga a 2006, a kuma saurari yadda manyan gidajen rediyon Hausa na duniya suke faɗa, maimakon kowa ya yi gaban kansa.

Malama Mai Koyar da Hausa, Tafo:
Ranka ya daɗe Baba Alhaji, "izini" da ka kawo ma daga Larabci aka aro ta, kuma "kati" ta daɗe da zama 'yar gida, tun da mutanen Kano ɗin da kansu suna cewa katin zaɓe da katin waya da katin gayyata. Faifai kuwa an ba shi wannan aiki ne saboda kewayayye ne, shi ya sa ya dace da abin PlayStation da Xbox, amma bai dace da ɗan abu mai kusurwa huɗu ba. Idan muka haɗa su a suna ɗaya, mun rasa hanyar bambanta su a cikin shiri guda. Ƙamus na 2006 ba zai san abin da aka ƙera a 2025 ba. Batun cewa sai mun jira Kano kuma, ina tuna maka cewa Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, a ƙasar nan ya yi mafi yawan rubutunsa, daga Salaga zuwa Kete-Krachi inda ya rasu a 1934. Hausar Gana tana da hakkin ta raɗa wa abu suna.

Alhaji, Tsohon Zango:
'Yata, Alhaji Umaru malami ne da ya san harshen ciki da waje kafin ya ɗauki alƙalami. Ban hana kowa raɗa suna ba, na ce a san harshen tukuna. Yaran da ke cewa "mace ya zo" su ne za su kafa mana kalma?

Ɗan Asawase:
To ai holoƙo Hausa ce tsantsa, Baba, ba aro ba ce daga kowa, amma ban ji ka goyi bayanta ba. Kuma ina roƙon mai shiri ya faɗa wa masu sauraro abin da ya shafe mu a nan. Na'urar tana zuwa da wurin ajiya na gigabait 256, manyan wasanni kuwa kowane yana cin gigabait gommai, sannan ba ta karɓar wasa a kan tsohon katin ajiya sai sabon nau'in microSD Express. Wanda ya tara kuɗi ya sayi kati a shagunan Adum na Kumasi, zai koma gida ya sake sayen data, ya kwana yana jiran wasa ya sauka, yana addu'a kada a ɗauke wuta. Nintendo ta rufe saye a shagonta na intanet na tsofaffin na'urorinta 3DS da Wii U a Maris na 2023. Har yanzu wanda ya saya tun da yana iya sake saukewa, na yarda, amma wannan alfarma ce daga kamfani, kuma ranar da ya janye ta, sunan da na faɗa shi zai tabbata.

'Yar Nima, Accra:
Salamu alaikum. Ina da ƙanne da ke wuni a kan ƙwallon EA Sports FC, wanda har gobe FIFA suke kiransa duk da an canja masa suna tun 2023, kuma wannan ya nuna mini cewa yara ba sa sakin sunan da bakinsu ya saba da shi. Na tambaye su ma'anar holoƙo, babu wanda ya sani, domin ba su taɓa zuwa gonar gyaɗa ba. Da na ce "katin mabuɗi" sai babbansu ya ce ai akwai hoton mabuɗi a ƙasan kwalin, kuma gaskiyarsa ne. Sunan da ya dace da alamar da mai saye zai gani da idonsa a shago shi zai fi yi masa amfani.

Mai Shirin Matasa, Aboabo:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na rubuta: "katin mabuɗi, wato katin da babu wasa a cikinsa sai izinin sauko da shi daga intanet", ɗayan kuma zan kira shi "cikakken kati". Zan ce "wasan bidiyo" a duk inda na iya saboda maganar Baba Alhaji, amma ba zan iya hana masu bugo waya cewa "gem" ba. Yaya na Asawase, zan ambaci holoƙo sau ɗaya a matsayin sunan da masu adawa da katin suke ba shi, tare da labarin The Crew. Abin da ya rage mini shi ne takardar lambar nan da Malam Mai Gyara ya kawo, wadda har yanzu ba ni da sunanta.

Alhaji, Tsohon Zango:
"Cikakken kati" ba laifi. "Katin mabuɗi" ban gamsu da shi ba, amma tun da lokaci ya ƙure maka, ka yi amfani da shi a wannan makon. Ka dai furta ɗ ɗin nan da kyau, kada ka ce "mabudi" a kunnen jama'a.

Ɗan Asawase:
Sau ɗaya bai isa ba, amma na karɓa. Ka bar layin waya a buɗe bayan sallar Isha'i, zan bugo in yi wa yaran bayanin holoƙo da kaina, tun da 'yar uwa ta Nima ta ce ba su san shi ba.