QGIS ya koma tafiyar hawainiya tun da na sabunta shi, dan Allah a taimaka

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema. Da manhajar zana taswira QGIS 3.28 nake aiki tun da daɗewa lafiya lau, sai na saka 3.34 saboda abokan aikina duk shi suke amfani da shi, to wlh tun daga nan komai ya yi nauyi. In na danna shi hoton farkon nan sai ya tsaya cak a tsakiyar allo, har in je in yi alwala in dawo bai gama buɗewa ba, in ya buɗe kuma na ja taswira gefe sai allon ya yi fari fat ya rubuta Not Responding a sama. Laftop ɗin Core i5 ce, RAM 8GB, Windows 10. Aikin taswirar wasu unguwanni ne a Kano, akwai gine-gine da tituna na OpenStreetMap (taswirar kyauta ta intanet) a shapefile, wato wani nau'in fayil ɗin taswira, da hoton jirgi maras matuƙi guda ɗaya babba, sai hoton satalayit na intanet a ƙasa. Na cire shi na sake sakawa ba abin da ya canza. Litinin zan miƙa aikin nan, hankalina a tashe yake.

Wani ɗan'uwa daga Bauchi: Wa alaikumus salam. Gaskiya 8GB ta yi kaɗan, ka ƙara RAM kawai ko ka kai a yi maka fomatin.

Wata safiyo daga Zariya: A'a Malam, kar ya yi fomatin kuma kar ya kashe ko sisi tukuna. Da wannan 8GB ɗin yake aiki jiya, ai RAM ba ta ragu cikin dare ba. Ɗan'uwa matsala biyu na gani a bayaninka kuma ba lallai tushensu ɗaya ba, jinkirin buɗewa daban, nauyin jan taswira daban. Mu fara da ta buɗewa. Cirewa da sake sakawar da ka yi ba za ta yi komai ba, don saitinka da duk filogin ɗin da ka taɓa sakawa, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa QGIS, ba a cikin manhajar suke ba, suna wata folda can a AppData, Roaming, QGIS, QGIS3, profiles, kuma duk nau'in da ya fara da 3 wannan folda ɗaya yake karantawa. Wato sabon ya zo ya tarar da tsofaffin kayanka ya ɗauka gaba ɗaya, har da filogin da mai shi ya daina gyarawa tun tuni. Ka shiga Settings, User Profiles, New Profile, ka ba shi kowane suna, zai buɗo maka sabon QGIS wanda ba komai a cikinsa, tsohon furofayil ɗinka yana nan ba abin da zai same shi. Ka rufe duka ka sake buɗewa ka gaya mana.

Mai tambaya: Hajiya Allah ya saka da alheri, na gwada yanzun nan, da sabon furofayil kafin in gyara zama ya buɗe. Amma jan taswirar yana nan yadda yake. Kuma filogin ɗina fa, akwai waɗanda ba zan iya aiki babu su ba.

Wata safiyo daga Zariya: Madalla, an gano ɗaya. Ba sai ka rabu da su duka ba. Koma tsohon furofayil ka danna F12, wani fanni zai fito a gefe, ka zaɓi Profiler sannan Startup, zai jero maka duk abin da ya loda da daƙiƙun da kowanne ya ci, filogin mai laifin yakan fito fili. In akwai sabon nau'insa ka sabunta, in babu ka cire alamar da ke gabansa a jerin filogin don ka kashe shi. Sannan duba fannin Browser, in kana da wata folda ta sabar ofis da ka taɓa haɗawa kuma yanzu kana gida, yana iya tsayawa yana ta nemanta, ka ɓoye ta daga wurin.

Wani injiniya daga Kaduna: Ni tambaya gare ni. Hoton jirgin nan tun kana 3.28 yake cikin aikin ko daga baya ya shigo? Kuma nawa ne girmansa, a ina ka ajiye shi?

Mai tambaya: Injiniya ai satin da na sabunta aka kawo min shi. GeoTIFF ne, wato hoto mai ɗauke da bayanin wuri, ya haura 3GB, yana cikin filashi, daga nan nake buɗe shi.

Wani injiniya daga Kaduna: To ka ji. Wannan ko a tsohon ka saka shi haka zai yi maka, sun dai zo lokaci ɗaya ne shi ya sa ka ɗora wa sabuntawar. Hoto irin wannan in ba shi da piramid, duk sanda ka ja ko ka yi zum baya sai kwamfuta ta bi cikin fayil ɗin nan gaba ɗaya don ta zana maka ɗan abin da bai wuce faɗin allonka ba, kuma ta bakin USB take jawo shi. Piramid ƙananan kwafe ne na hoton, rabi, kwata, haka dai ana ta raguwa, in ka yi nisa sai ta ɗauko ƙaramin. Fara kwafo hoton cikin kwamfutar, ba foldar da OneDrive ke ta aikawa intanet ba. Sai ka je Raster, Miscellaneous, Build Overviews, ka zaɓi na waje, wato External, don kar ya taɓa asalin hoton, zai ajiye maka fayil mai ƙarshen .ovr a gefensa, kar ka raba su. Zai ɗau lokaci, ka bar shi ya gama ka je ka ci abinci.

Shapefile ɗin gine-ginen kuma shiga Properties, Source, ka danna Create Spatial Index, za ka ga fayil mai ƙarshen .qix ya fito, shi ne indes ɗin da ke sa a gano gine-ginen wurin da kake kallo da sauri. Ni dai da ni ne GeoPackage, wani nau'in fayil ɗin taswira, zan mayar da su duka, fayil ɗaya ne kuma da indes ɗinsa yake zuwa, ga shapefile ba ya son wuce 2GB. Sannan gine-ginen Kano ba wasa ba ne, kar ka bari ya zana su duka kana kallon gari daga Dala har Hotoro, saka masa iyakar sikeli ya riƙa fitowa sai ka matso kamar 1:10000, lakabin sunaye ma haka, lakabi na cin lokaci fiye da yadda mutane ke zato.

Wani ɗalibi daga Sakkwato: Oga ni ma ina da irin wannan, nawa in an ɗauke wuta ne yake ƙara nauyi.

Wani injiniya daga Kaduna: Naka mai sauƙi ne, Windows ce ke rage wa firosesa ƙarfi in ta koma kan batir. Danna alamar batir ka ja shi zuwa Best performance, sai dai cajin zai fi saurin ƙarewa.

Wata safiyo daga Zariya: Ƙari a kan na Injiniya, duba lungun dama na ƙasa ka ga EPSG nawa aikin yake, wato lambar tsarin lissafin wuri da taswirar ke bi. Bayanan OpenStreetMap a 4326 suke zuwa, hotunan intanet 3857, naka hoton wataƙila 32632 tunda Kano tana UTM 32 ta arewa. In sun sha bamban duk motsi sai ya juya lissafin kowace leya, wato kowane rukunin bayanai da ka ɗora a taswirar, kuma juya hoto ya fi tsada. Ka sa aikin a tsarin babban hoton, gine-gine da tituna ka fitar da kwafensu a 32632 ɗin. In akwai tsofaffin bayanan safiyo na Minna datum, tsohon tsarin awon ƙasa na Najeriya, a ciki kar ka danna Assign ka ce ka canza, Reproject ake yi, in ba haka ba filayen mutane za su goce daga inda suke. Hoton intanet ɗin kuma kashe shi in kana gyara, in netwok ba kyau shi kaɗai ya isa ya riƙe ka.

Mai tambaya: Alhamdulillah jama'a. Profiler ya nuna wani tsohon filogin na sauke hotuna ne ya cinye kusan duk lokacin, na kashe shi. Na kwafo hoton, piramid ya gama, gine-gine suna GeoPackage, yanzu ina ja yana bina. Saura teburin bayanan gine-ginen, shi har yanzu sai na jira kafin ya buɗe.

Wata safiyo daga Zariya: Settings, Options, Data Sources, inda aka rubuta Attribute table behavior ka mayar da shi Show features visible on map, sai ya daina kwaso layukan duka. In kuɗin aikin ya shigo kuma HDD ce a laftop ɗin, ka fara sayen SSD, ma'ajiyar da ta fi HDD sauri, kafin RAM. Allah ya ba da sa'a ranar Litinin.