Sikanin ya ce jaririna kilo 2.8 a sati 34, dan Allah ku ba ni shawara

Maman Afnan: Slm 'yan uwa barkanmu da yamma. Dan Allah masu sanin abin ku taimaka min, jiya na yi sikanin cikina sati 34 aka rubuta nauyin jariri kilo 2.8, mai hoton ya ce wai yaron ya yi girma da yawa in rage cin abinci in ba haka ba sai an min aiki, wlh tun jiya na kasa cin abin kirki, haihuwar farin a gida ma na sha wuya. ina zan je a duba min da kyau?

Ummu Sadik: Wslm. Kai jama'a, ƙanwata tashi ki ci abincinki. ni a cikin Sadik cewa aka yi zai kai kilo 4, har kayan tiyata maigidan ya fara tambayar kuɗinsu, yaro ya zo 3.4 lafiya lau da kaina na haihu

Hajiya Babba: A nemo mata maganin zaƙi kawai, mu da shi muka haihu

Anti Nas: Hajiya a yi haƙuri dai, kar ta sha komai tukunna, jiƙe-jiƙen nan ba a san adadin da ke ciki ba, wasu har gudawa suke sa mai ciki ta galabaita. Maman Afnan bari in miki bayani, injin nan ba sikeli ba ne, ba ɗaga yaron yake ya auna ba. Abu huɗu ake aunawa, faɗin kai, kewayen kai, kewayen cikin jaririn da tsawon ƙashin cinyarsa, sai kwamfutar ta haɗa lissafi ta fitar da ƙiyasi, shi ne za ki ga an rubuta EFW a takardar. Kuma ko a hannun ƙwararre lissafin yana iya kaucewa da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, sama ko ƙasa. Kin ga 2.8 ɗin nan zai iya zama 2.4 zai iya zama 3.2. In mai hoton yana sauri ga layi a waje ya auna cikin jaririn a karkace to shi kenan lamba ta haura, don kewayen cikin nan shi ya fi jan lissafin

Maman Afnan: Allah ya saka Anti. to a sati 34 nawa ya kamata ya kai?

Anti Nas: Yawanci wajen 2.2 zuwa 2.4 ne. a sati 28 kusan kilo 1, sati 32 wajen 1.8, daga nan kuma yana ƙara kamar giram 200 duk sati har ya isa 3 da wani abu. Naki ya ɗan haura, amma tambaya ta farko ma kin tabbata sati 34 ne? da lissafin al'ada kika yi ko kin yi hoto tun ciki yana wata biyu ko uku? Don na farkon cikin nan shi ya fi faɗin gaskiyar kwanaki, mata da yawa sai ciki ya fara motsi suke fara awo, sai ki ga ashe sati 36 ne ake kira 34

Maman 'Yan Biyu: Shawarata ki bar shagunan hoton nan na bakin titi ki je babban asibiti ko asibitin koyarwa in akwai kusa da ku, ki tafi da katin awonki da duk tsofaffin takardun sikanin, likitan mata ya jera su ya gani. layi ne dai sai kin yi sammako. kuma kar ki maimaita gobe-gobe asarar kuɗi ne, sai an ba da tazarar sati biyu aƙalla kafin a gane yadda yake girma

Ummu Sadik: gsky ne. ki ce kuma su miki gwajin suga, wanda ake zuwa ba a karya ba a ba ki ruwan gulukos ki sha a sake ɗibar jini. ciwon suga na masu ciki shi ke sa jariri ƙiba kuma mace ba ta jin komai a jikinta. in an samu shi to su za su tsara miki abincin, a rage lemon kwalba da shayi mai suga da yawa, ba wai ki zauna da yunwa ba

Amaryar Bana: Ni kuma nawa akasin haka ne, wata bakwai amma kowa cewa yake cikin bai fito ba, uwar mijina kullum sai ta ce ba na cin abinci 😭

Anti Nas: Amarya ido ba ya auna ciki, doguwar mace mai cikin fari sau da yawa haka yake ɓuya. Ranar awo ki lura da tef ɗin da muke ɗorawa daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa, daga sati 24 santimitar tana tafiya kusan daidai da satin, in kina sati 30 a samu 28 zuwa 32. ki tambaya a faɗa miki lambar, haƙƙinki ne, a katin ma ana rubutawa. Tagwaye ko yawan ruwa ko ƙari a mahaifa ko teɓa duk suna sa tef ya haura, shi ya sa in bai yi daidai ba muke turawa hoto. Ni gsky ƙaramin jariri ya fi tayar min da hankali kan babba a nan wajenmu, ƙasa da kilo 2.5 lokacin haihuwa shi ne ƙarancin nauyi, kuma maleriya da ƙarancin jini da hawan jini su ne kan gaba wajen jawo shi. kina shan Fansidar ɗin rigakafin maleriya da ake bayarwa wajen awo? da maganin ƙarin jini?

Amaryar Bana: Fansidar sau ɗaya na sha, jan maganin kuma amai yake sa ni na ajiye

Maman 'Yan Biyu: Haba amarya. ki ringa shan shi da daddare bayan kin ci abinci, kar ki haɗa da shayi, ni haka na yi ya zauna min

Anti Nas: Fansidar aƙalla sau uku ake so kafin haihuwa, wata-wata ake bayarwa, ki koma ki karɓa wannan satin ki ce a duba jininki da hawan jini gaba ɗaya. kuma ku duka biyun, in motsin yaro ya ragu ko kika ji ciwon kai mai tsanani ko fuska ta kumbura kar a jira ranar awo, a tafi asibiti ko tsakar dare ne