Yadda za a koyar da shugabancin wasanni a digiri na biyu: abin da aka faɗa a Katsina

Malaman jami'a, tsofaffin 'yan ƙwallo da masu horarwa sun zauna a Katsina kan yadda ya kamata a koyar da shugabanci da tafiyar da harkar wasanni ga ɗaliban digiri na biyu.

Bakinsu ya zo ɗaya kan cewa aji kaɗai ba ya isa. A tura ɗalibi filin wasa na Muhammadu Dikko ranar da Katsina United ke da wasa, ya ga yadda ake sayar da tikiti, a tsara jami'an tsaro, a tanadi motar asibiti, sannan ya dawo ya rubuta inda aka yi daidai da inda aka kuskure.

Kuɗi ne aka fi daɗewa a kai. Yawancin ƙungiyoyin ƙwallonmu gwamnatin jiha ce ke riƙe da su, don haka sai ɗalibi ya iya tsara kasafi, neman masu ɗaukar nauyi da karanta kwantiragin ɗan wasa. Wani dattijo ya ce shugaban da bai san lissafi ba, magatakarda ne zai juya shi. A ganina ya yi gaskiya.

Wasu suka ce kada a tsaya kan ƙwallon ƙafa. Folo, wato ƙwallon dawaki, ya kafu a Katsina tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ga kuma dambe da kokawa, duk suna bukatar masu tsari.

An saɓa kan wanda za a ɗauka: tsohon ɗan wasa ko mai takarda. Mafi yawa suka ce a haɗa su aji ɗaya.