Saura shekara 82 a wa'adin fulat ɗina a Ingila: in tsawaita yanzu ko in jira sabuwar doka?

Bakatsinen Leeds:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gidaje a Ingila. Fulat ɗin da nake ciki irin wanda ake saya da wa'adi ne, wato ƙasar da ginin na wani ne, ni kuma ina da haƙƙin zama na adadin shekaru, ina biyan kuɗin ƙasa duk shekara. Wa'adin shekara 99 ne tun asali, yanzu saura 82. Mai ƙasar ya rubuto mini cewa zai ƙara mini shekaru ta hanyar sasantawa tsakaninmu a farashi mai sauƙi, amma kuma na ji cewa dokar da aka zartar a 2024 za ta rage kuɗin tsawaitawa. Shin in karɓi tayinsa, in bi hanyar doka, ko in dakata?

Hajiyar Birmingham:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya kamata ka sa wa ido shi ne shekara 80. A ƙarƙashin dokar 1993 da ta tsara tsawaita wa'adin fulat, mai fulat yana da haƙƙin a ƙara masa shekara 90 a kan abin da ya rage masa, kuma kuɗin ƙasa ya koma babu. Muddin wa'adin ya haura 80, abin da za ka biya diyya ce ta kuɗin ƙasar da mai ƙasa zai rasa da kuma jinkirin komawar fulat ɗin hannunsa. Da zarar ya yi ƙasa da 80, sai a lissafa ƙarin darajar da fulat ɗin zai samu saboda tsawaitawar, a ba mai ƙasa rabinta, kuma wannan kan ɗaga farashin sosai. Bayan haka, bankuna da dama ba sa son ba da bashin sayen fulat mai gajeren wa'adi, don haka ranar da ka so sayarwa masu saye za su ragu.

Hanyar doka tana farawa da takardar sanarwa ta sashe na 42 na dokar 1993, wadda lauyanka zai aika wa mai ƙasa ɗauke da farashin da kake ganin ya dace. Ranar da aka miƙa ta ita ce ranar da ake ƙiyasta daraja a kanta, saboda haka ko shari'a ta ja lokaci, raguwar wa'adin ba za ta ƙara maka kuɗi ba. Dole ka ba shi aƙalla wata biyu ya amsa, kuma yana iya neman ka ajiye kashi 10 cikin 100 na farashin da ka faɗa, ko fam 250 idan shi ya fi yawa. Idan ba ku daidaita ba, za ka iya kai ƙara kotun harkokin gidaje bayan wata biyu da amsarsa, amma kada wata shida ya cika, domin idan ya wuce ana ɗaukar ka janye, kuma sai ka jira shekara guda kafin ka sake nema. Ka samu mai ƙiyasta daraja ɗan ƙungiyar RICS, wato ƙungiyar ƙwararrun masu ƙiyasta darajar gidaje da filaye, kafin komai.

Ɗan Zinder a Landan:

Hajiya ta yi bayani, sai dai ina ganin bai kamata a raina dokar 2024 ba. Ta tanadi ƙarin shekara 990 a maimakon 90, ta soke biyan rabin ƙarin darajar, kuma ta sauya ƙa'idar da ke tilasta wa mai fulat biyan kuɗin lauya da mai ƙiyastawa na mai ƙasa. Wani ɓangarenta ma ya fara aiki, domin tun 31 ga Janairun 2025 ba sai mutum ya shekara biyu da mallakar fulat ba kafin ya nemi tsawaitawa.

Hajiyar Birmingham:

Haka ne ƙanena, amma sassan da suka shafi farashi suna jiran gwamnati ta fitar da ma'aunin lissafi kafin su fara aiki. Wanda wa'adinsa ya riga ya sauka zuwa 70 yana da hujjar jira, tunda soke rabin darajar shi zai amfana. Malam kuwa yanzu ba ya biyan wannan rabin ko kaɗan, jiran ne zai iya jefa shi cikinsa. A ganina ya aika sanarwarsa tun da sauran tazara.

Malamar Lissafi:

Game da tayin mai ƙasa, Malam, ka nemi ya rubuto sharuɗɗan dalla-dalla, ka kai wa lauya. A sasantawa yana iya ba ka ƙasa da shekara 90, ko ya cusa sababbin sharuɗɗa a yarjejeniyar. Dokar kuɗin ƙasa ta 2022 ta hana shi karɓar kuɗin ƙasa a kan shekarun da aka ƙara, amma yana iya ci gaba da karɓa a shekaru 82 da suka rage, alhali hanyar doka tana soke shi nan take. Haka kuma babu abin da ke hana shi jan tattaunawar har wa'adin ya faɗi ƙasa da 80. Hukumar ba da shawara ta LEASE tana amsa irin wannan tambaya kyauta, ka tuntuɓe su da takardar yarjejeniyarka a hannu kafin ka ba shi amsa.